Hannah Höch, mai almakashi da allura

An haifi Hannah Höch ran 1 ga watan Nuwamba na shekara ta 1889 a Gota, wani ƙaramin birni na ƙasar Jamus. Ita ce ƴar fari cikin ƴaƴa biyar. Da ta kai shekara 15 aka fid da ita daga makaranta don ta yi renon autarsu. Sai a 1912 ta samu ta tafi Barlin, babban birnin ƙasar, ta shiga makarantar koyon zane da aikin hannu. Yaƙin duniya na fari ya katse mata karatu a 1914, amma shekara na kewayowa ta koma.

Birni ba ya ciyar da mutum banza. A 1916 ta kama aiki a kamfanin Ullstein, wanda ke buga jaridu da littattafai. Aikinta shi ne zana samfurin surfani da na saƙa, a buga cikin jaridun mata, matan gida su duba su ɗinka. Kamar dai mai zana aska bisa babbar riga ne kafin maɗinki ya bi zanen da allura. Shekara goma ta yi tana wannan aiki.

A zamanin nan manyan masu zane ba su ɗauki ɗinki a bakin komi ba. A ganinsu aikin mata ne na cikin ɗaki, ba ya kai a rataya shi a bango jama'a su zo kallo. Hannah ba ta yarda ba. A 1918 ta rubuta cikin wata jaridar maɗinka cewa surfani ɗan'uwan zane ne, kuma ya kamata mata su ɗinka abin da ke nuna zamaninsu, su bar maimaita furannin kakanninsu.

A wajen aikin nan jaridu masu hotuna tuli ne. Ga kuma almakashi kullum a hannunta. Sai ta riƙa yanke hotunan da aka buga, ta ɗauko kan wannan ta ɗora bisa jikin wancan, ta liƙa su a takarda guda, sabon hoto ya fito. Hannun da ya saba yanka ƙyalle daidai layi ba ya kuskuren yanka takarda. Ita da abokinta Raoul Hausmann suna cikin mutanen farko da suka mai da wannan yanke-da-liƙe sana'ar masu zane.

Su biyu suna cikin wata ƙungiya da ake kira Dada. Samari ne da suka ga ɓarnar yaƙi, suka fusata da sarakuna da manyan soja da suka jawo shi, suna yi musu ba'a da zane. A 1920 ƙungiyar ta shirya babban nuni a Barlin. Biyu daga cikin mazan, George Grosz da John Heartfield, ba su so a sa aikin Hannah ba. Abin mamaki, masu cewa za su canza duniya, ga su suna tare wa mace ƙofa! Sai da Hausmann ya ce shi ma zai janye, sannan suka haƙura.

Ta kawo ƴan tsana da ta ɗinka da hannunta, da wani babban hoto mai tsawon santimita 114 da faɗin 90. Sunansa yana farawa da Yanka da Wuƙar Dafuwa. A cikinsa akwai tsohon sarkin Jamus, Wilhelm na biyu, an yi masa gashin baki da ƴan kokowa biyu. Akwai babban soja Hindenburg, kansa bisa jikin mace mai rawa. Akwai masani Einstein, da ƙafafun injin, da taron jama'a. To, ina ita mai hoton? Sai an duba da kyau. Can ƙasa, a kusurwar dama, inda masu zane suka saba sa hannu, ta liƙa fuskarta ƴar mitsitsiya. Ta liƙa ta a gefen taswirar Turai mai nuna ƙasashen da aka ba mata damar jefa ƙuri'a. Matan Jamus sun fara zaɓe ne a watan Janairu na 1919. Wanda ya ga inda ta ajiye fuskar nan ya san abin da ke ranta.

A 1933 Hitler ya hau mulki. Mutanensa suka ce irin wannan zane ruɓaɓɓe ne, suka cire shi daga gidajen nuni, suka ƙona wani. Abokan Hannah suka watse. Grosz ya tafi Amurka, Hausmann da Heartfield su ma suka bar ƙasar. Ita ta zauna. A 1939 ta sayi wani ɗan gida a Heiligensee, can bakin Barlin, inda ba wanda ya san ko ita wace ce. A nan ta ɓoye ayyukanta da na abokanta, da wasiƙunsu da takardunsu. Da ƴan sanda sun shigo sun gani, da ta shiga uku. Ta rufe bakinta, ta duƙufa ga lambunta, tana noma abin da za ta ci, har yaƙi ya ƙare a 1945. Abubuwa da dama da aka sani game da Dada ta Barlin, daga ɗan gidan nan suka fito.

Bayan yaƙi ta ci gaba da zane da liƙe-liƙe, ko da yake an daɗe ana ambaton mazan ana tsallake sunanta. Da tsufa ya zo, a 1972 da 1973, ta yi aikin liƙe da ya fi dukan liƙe-liƙenta girma, mai tsawon santimita 130 da faɗin 150. Ta sa masa suna Hoton Rayuwa. Wasu masu ɗaukar hoto biyu, Liselotte da Armin Orgel-Köhne, suka taimake ta da hotuna, ita kuma ta yanka ta jera su kashi 38. Wannan karon ba ta laɓe a kusurwa ba. Ga ta jaririya, ga ta budurwa, ga ta tsohuwa da farin gashi. Ga danginta, ga abokanta da suka riga ta mutuwa, ga ayyukan hannunta, ga tsirran lambunta. Ba ta zaɓi fuska guda ta ce ita ce tata ba, duka ta sa su, ta haɗa su gefe da gefe yadda ake haɗa guntayen ƙyalle a ɗinka mayafi. Tana da shekara 83 ta gama shi.

A 1976 aka shirya mata babban nuni a Pari da Barlin, mutane suka zo suka ga aikinta na shekara sittin. Ta rasu a Barlin ran 31 ga watan Mayu na 1978, tana da shekara 88.