Tarihin Likita Jerome Conn, Masanin Ciwon Hawan Jini

An haifi Jerome Conn a birnin New York na ƙasar Amurka ran 24 ga watan Satumba, 1907. Ya yi shekara uku yana karatu a Jami'ar Rutgers, sa'an nan ya shiga makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Michigan a 1928. Ya gama a 1932, kuma a nan ya zauna ya yi dukan aikinsa har ya yi ritaya.

Da farko ciwon sukari da yawan ƙiba ya sa a gaba. A 1943 aka ba shi shugabancin sashen da ke nazarin sinadaran da jiki ke sarrafawa da kansa. A lokacin nan ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya shiga binciken yadda sojoji za su saba da zafin ƙasashen da aka tura su. Ya lura cewa idan mutum ya daɗe cikin zafi, gishirin da ke fita cikin guminsa yana raguwa. Wannan ya nuna masa akwai wani sinadari da ke umartar jiki ya riƙe gishiri. A 1953 masana a Ingila da Suwizalan suka ware wannan sinadari, wanda aka sa wa suna aldosteron. Wata 'yar halitta da ke zaune bisa kan kowace ƙoda ita ke fitar da shi.

A 1954 aka kawo masa wata mace mai shekara 34 wadda ta yi shekara bakwai tana fama da mutuwar jiki da ɗaurewar tsoka. Jininta ya hau, sinadarin fotasiyam kuwa ya yi ƙasa ƙwarai a jikinta. Conn ya auna ya ga aldosteron ya yi mata yawa, ya ba da shawarar a yi mata aiki. Da likitoci suka duba, sai suka tarar da wani ƙari a bisa ƙodarta ta dama. Aka cire shi, jininta ya sauka. Ya buga bayanin a 1955, tun daga nan ake kiran cutar da sunansa.

Muhimmancin wannan aiki shi ne ya tabbatar da cewa akwai irin hawan jinin da ake iya gano tushensa a yi maganinsa. Conn ya dage a kan cewa masu cutar suna da yawa cikin masu hawan jini, amma likitoci da dama suka ƙi yarda, suna ganin ba kasafai ake samunta ba. Binciken da aka yi bayan mutuwarsa ya nuna yana da gaskiya. An kuma gane cewa yawan aldosteron yana sa bangon jijiyoyin jini ya yi kauri tun da wuri, har masu shi sukan fi sauran masu hawan jini faɗawa ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka ake shawartar wanda jininsa ya ƙi sauka duk da shan magani ya nemi a auna masa wannan sinadari.

Conn ya yi ritaya a 1974. Ya mutu a garin Naples na jihar Florida ran 11 ga watan Yuni, 1994, yana da shekara 86.