Tarihin Agatha Christie, Gwanar Labarun Gano Mai Kisa

A ƙasarmu in an ci tuwon dare yara kan taru a dandali su yi ta kacici-kacici, wanda ya kasa ya ba da gari. Turawa ma suna da irin nasu, sai dai su a littafi suke yi: a kashe mutum cikin labari, a bar mai karatu ya gano wanda ya yi kisan. Ba a yi wanda ya shahara a wannan fanni kamar Agatha Christie ba.

An haife ta a garin Torquay na ƙasar Ingila ran 15 ga Satumba, 1890. Yawancin karatunta na ƙuruciya a gida ta yi shi. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, sai ta shiga aikin jinyar sojoji, daga baya ta koma ɗakin haɗa magani. A nan ta san guba iri-iri da yadda kowace ke aiki a jiki.

Yayarta ce ta cika baki cewa Agatha ba za ta iya rubuta irin wannan labari ba. Ita kuwa ta ɗaura ɗamara ta rubuta. Kamfanonin ɗab'i da dama suka ƙi karɓa, amma ba ta karaya ba, har aka buga shi a 1920. A cikinsa ne ta fito da Hercule Poirot, tsohon ɗan sandan Beljiyam mai kaifin basira.

A 1926 mahaifiyarta ta rasu, mijinta kuma ya nemi su rabu. Baƙin ciki ya yi mata yawa, ta ɓace kwana 11 kafin a same ta a wani otal. Duk da haka ba ta ajiye alƙalami ba. Ta rubuta littattafan bincike 66.

A 1930 hukumomin tsibirin Man suka roƙe ta ta shirya wasan da zai jawo baƙi. Aka ɓoye batta huɗu a tsibirin, ita kuma ta rubuta labari da alamu, ana buga su kaɗan-kaɗan a jarida, mutane na ta nema.

Asirin gwanintarta shi ne adalci ga mai karatu. Takan fara tsara wanda ya yi kisan da dalilinsa, sannan ta warwatsa shaidu cikin labarin, wasu na gaskiya, wasu na ɓad da sawu. Ba ta ɓoye komai, sai dai ido ya tsallake. Ɗaliban jami'a da ke shirya wa ƙungiyoyinsu irin wannan wasa ta intanet, wannan ƙa'ida ce ya kamata su riƙe, domin wasan da ba a ba mutum hanyar cinsa ba zalunci ne.

Ta rasu ran 12 ga Janairu, 1976. A shekarar 1977 likitocin wani asibitin Landan suka rasa gane ciwon wata jaririya daga Ƙatar. Wata nas da ke karanta littafin Agatha mai suna The Pale Horse ta lura alamun sun yi daidai da na gubar taliyam da aka bayyana a ciki. Aka gwada, aka tabbatar, yarinya ta rayu. Lalle ilimi ba ya ɓata, ko a cikin labarin ƙirƙira aka zuba shi.