Malam Sa'adu Zungur: Waƙa da 'Yancin Faɗin Gaskiya

An haifi Malam Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur a ƙasar Bauchi, a gidan malamai da limamai. Tun yana ƙarami ya yi karatun Alƙur'ani, ya kuma yi nisa a fiƙihu da Larabci, kafin a sa shi makarantar boko. Daga Bauchi ya wuce Kwalejin Katsina, sannan a 1934 ya shiga Babbar Kwalejin Yaba da ke Ikko, inda ya zama ɗan Arewa na farko da ya yi karatu a can. Bayan ya dawo ya koyar da ilimin tsabta a Kano da Zariya, har ciwon huhu ya mayar da shi gida.

A wancan zamani Turawa na mulkin Arewa ne ta hannun sarakuna da hukumomin En'e. Talaka ba ya da bakin sukar hukuma, wanda kuwa ya kuskura ya yi, yana iya samun kansa gaban alƙali. A 1943 aka kafa wata ƙungiyar tattaunawa a Bauchi da amincewar jami'an mulkin mallaka. Cikin 'ya'yanta akwai Sa'adu da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da muhawara ta fara taɓa tsarin mulkin En'e da albashin sarakuna, sai hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri, aka rufe ƙungiyar.

Rufe zauren bai rufe bakin Sa'adu ba. Ya riƙa rubuce-rubuce a jaridu, a 1948 kuma ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe. Daga baya ya kasance cikin masu yi wa NEPU jagorancin tunani, bayan kafa ta a Kano a 1950. A shekarun nan taron siyasa sai da izinin En'e, ana kuma ɗaure 'yan adawa da tuhumar zagin sarakuna.

A nan ne waƙa ta yi masa rana. Taro yana buƙatar izini, jarida kuwa sai mai ilimin boko. Amma waƙa hadda ake yi, a rera ta a zaure da kasuwa, ta isa kunnen wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. A waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ya gargaɗi sarakuna da su gyara mulkinsu, yana kafa hujja da yadda sarautun Indiya suka rasa ikonsu bayan 'yancin kan ƙasar a 1947. Ya kuma rubuta Waƙar Bidi'a da Maraba da Soja. Ƙarfin sukarsa ya samo asali ne daga iliminsa na addini, domin da wuya a yi wa malami ɗan malamai sharrin jahilci ko rashin tarbiyya.

Malam Sa'adu ya rasu a 1958, shekara 2 kafin Nijeriya ta sami 'yancin kai. A 1974 Ɗandatti Abdulƙadir ya wallafa littafi a kan rayuwarsa da waƙoƙinsa. Waƙoƙin da aka tsara a lokacin da ake tauye bakin jama'a, su ne daga baya suka shiga manhajar Hausa a makarantu da jami'o'i. Saboda haka malamin da zai koyar da su, wajibi ne ya fara fahimtar da ɗalibansa yanayin da ya haife su.