Diego Rivera, Wanda Ya Rubuta Tarihin Meziko a Jikin Bango

An haifi Diego Rivera ran 8 ga Disamba, 1886, a garin Guanajuato cikin ƙasar Meziko. A zamanin nan manyan ƙasar sun ɗauka duk wani abin kirki daga Turai yake fitowa. Su kuwa 'yan asalin ƙasa, irin su jikokin Aztek waɗanda mutanen Sifen suka ci da yaƙi a 1521, an mai da su saniyar ware.

Tun yana yaro ya shiga makarantar koyon zane ta San Carlos a babban birnin ƙasar. A 1907 ya tafi Sifen ƙaro ilmi, daga nan ya zarce Faris, inda ya cuɗanya da gwanaye irin su Picasso. A 1920 ya je Italiya ya nazarci yadda magabata suke yin zane a kan ɗanyen shafen bango, launi ya bushe tare da shafen.

Da ya komo gida a 1921, an fito daga yaƙin juyin juya hali, galibin talakawa kuwa ba su iya karatu ba. Sai Ministan Ilmi, José Vasconcelos, ya ba masu zane bangayen gine-ginen Gwamnati don a ilmantar da jama'a. Nan Rivera ya haɗa gadon nan biyu. Hanyar aiki ta Turai ce, amma abin da ya zana na gida ne: manoman masara, da mata masu tallar furanni, da alloli na mutanen da. A Fadar Ƙasa, inda ya fara aiki a 1929, ya zana tarihin Meziko tun kafin zuwan Turawa, har da birnin Tenochtitlan da kasuwarsa.

Ra'ayinsa na kwaminisanci ya jawo masa tsangwama. A 1933 ya sa hoton Lenin cikin wani zane a ginin Rockefeller na birnin New York, aka dakatar da shi, aka rushe aikin a 1934.

Rivera ya mutu ran 24 ga Nuwamba, 1957. Dubban kayan tarihi na mutanen da waɗanda ya tara suna gidan Anahuacalli, wanda aka buɗe a 1964. Albarkacin aikinsa, talakan da ba ya iya karanta littafi ya ga kakanninsa a bangon fadar mulki.