Frederick Sanger, masanin da ya buɗe hanyar karanta gadon halitta

Duk mai ciwon suga da ke yin allurar insulin a yau yana cin moriyar aikin Frederick Sanger, masanin kimiyya ɗan ƙasar Ingila da aka haifa ranar 13 ga Agusta 1918.

Mahaifinsa likita ne, amma shi ya zaɓi bincike a jami'ar Kambirij. Saboda aƙidarsa ta ƙin zubar da jini, bai ɗauki makami ba a yaƙin duniya na biyu.

Insulin sinadari ne da jiki ke samarwa don daidaita suga a cikin jini. Sanger ya shafe kusan shekara goma yana nazarin na shanu, har a 1955 ya kammala gano yadda tubalansa 51 suke jere. Kafin shi babu wanda ya taɓa karanta wani furotin daga farko har ƙarshe. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1958.

A 1977 ya fito da dabarar karanta DNA, wato kundin gadon halitta, harafi bayan harafi. Ya sake samun Nobel a 1980, shekarar da wasu masana suka wallafa jerin haruffan ƙwayar gadon insulin ta ɗan Adam. Daga 1982 aka fara sayar da insulin irin na mutum wanda ƙwayoyin bakteriya ke haɗawa. A da, daga jikin shanu da aladu ake samo shi.

Sanger ya ƙi karɓar sarautar Sir. Ya yi ritaya a 1983, ya koma kula da lambunsa. Ya mutu ranar 19 ga Nuwamba 2013, yana da shekara 95.