Sarauniya Victoria da gidajen da ta bar wa masarautar Birtaniya

Kowace shekara dubban masu yawon buɗe ido kan yi layi a ƙofar fadar Buckingham da ke birnin Landan, domin su ga inda sarakunan Birtaniya ke karɓar baƙi.

Wadda ta mayar da wannan gida fadar mulki ita ce Sarauniya Victoria, wadda ta shafe shekara 63 da wata bakwai a kan gadon sarauta, amma ta yi mafi yawan rayuwarta tana neman inda za ta ɓuya daga idon jama'a.

Ƙuruciya a tsare

An haifi Victoria ranar 24 ga watan Mayun 1819 a fadar Kensington. Mahaifinta, Yarima Edward, ya rasu tana da wata takwas, don haka ta tashi a hannun mahaifiyarta Bajamushiya da wani bafade mai suna John Conroy.

Su biyun sun tsare ta ƙwarai. Ɗaki ɗaya take kwana da mahaifiyarta, kuma ko matakalar bene ba ta sauka sai wani ya riƙe mata hannu.

Da asubahin ranar 20 ga watan Yunin 1837 aka tashe ta daga barci aka shaida mata cewa baffanta, Sarki William na huɗu, ya rasu, kuma sarauta ta faɗo kanta. Shekarunta 18 a lokacin.

Ba a yi wata guda ba ta bar Kensington ta tare a Buckingham, inda ta sa aka ba mahaifiyarta ɗakuna nesa da nata. Ita ce ta farko a sarakunan ƙasar da ta zauna a wannan fada.

Aure da gine-gine

A watan Fabrairun 1840 ta yi auren zumunta da ɗan kawunta, Yarima Albert, suka haifi 'ya'ya tara.

Da iyali suka yi yawa sai fadar ta yi musu kaɗan. A 1847 aka fara ƙara mata sashen gabas, wanda ke ɗauke da barandar da iyalin gidan sarautar ke fitowa su ɗaga wa jama'a hannu a ranakun biki.

To amma hayaniyar Landan ba ta yi wa ma'auratan daɗi ba. A 1845 suka sayi Osborne a tsibirin Wight da ke kudancin Ingila, inda Albert ya tsara sabon gida a bakin teku. A harabarsa aka yi wa yaran wani ɗan gidan katako, suna koyon girki da noman lambu.

A 1852 kuma suka sayi Balmoral a cikin tsaunukan Scotland, aka gama gina sabuwar fada a can a 1856. Waɗannan gidaje biyu mallakarsu ne na kansu, saɓanin Buckingham da Windsor waɗanda na masarauta ne.

Zaman makoki

Albert ya rasu a fadar Windsor ranar 14 ga watan Disambar 1861 yana da shekara 42. Likitocinsa sun ce zazzaɓin taifot ne ya yi ajalinsa.

Daga ranar Victoria ta sa baƙaƙen kaya, ba ta kuma sake su ba har ƙarshen rayuwarta, kusan shekara 40. Ta ƙaurace wa Landan, ta koma zama tsakanin Windsor da Osborne da Balmoral.

Jama'a sun tausaya mata da farko, amma daga baya aka fara gunaguni. A 1864 wani ya manna takarda a shingen Buckingham yana tallar gidan ga mai son haya ko saye, tunda mai shi ta daina aiki.

Zuwa 1871 masu neman a soke sarauta a kafa jamhuriya sun yi ƙarfi, suna tambayar amfanin kuɗin da ake ba sarauniyar da ba a gani.

Abin da ya kwantar da ƙurar shi ne rashin lafiyar babban ɗanta, Yarima Edward. Da ya warke, Victoria ta ratsa titunan Landan a watan Fabrairun 1872 zuwa cocin St Paul domin addu'ar godiya, mutane suka yi dafifi suna yi mata maraba.

Malaminta Musulmi

A 1876 majalisar dokoki ta ƙara mata muƙamin sarauniyar Indiya, ƙasar da ba ta taɓa takawa ba.

A 1887 aka kawo mata wani matashi Musulmi daga garin Agra mai suna Abdul Karim domin ya yi mata hidima wajen cin abinci. Ba a daɗe ba ya zama malaminta na harshen Urdu, ta ba shi gidaje, abin da ya harzuƙa 'ya'yanta da fadawanta.

A lokacin ne aka gina wani babban zaure a Osborne da ado irin na Indiya, wanda ake kira ɗakin Durbar.

A ƙarshen zamaninta ne kuma, ranar 1 ga watan Janairun 1900, Lugard ya kafa tutar Birtaniya a Lakwaja ya ayyana Arewacin Najeriya a ƙarƙashin mulkinta. Sai dai Kano da Sakkwato ba su faɗa hannun Turawa ba sai a 1903, bayan rasuwarta.

Bayan ta rasu

Victoria ta rasu a Osborne ranar 22 ga watan Janairun 1901 tana da shekara 81, aka binne ta kusa da mijinta a Frogmore, dab da Windsor.

Sabon sarki, Edward na bakwai, ya sa aka ƙona wasiƙun da ta rubuta wa Abdul Karim, aka mayar da shi Indiya. A 1902 ya ba ƙasa kyautar gidan Osborne, kuma a 1954 aka buɗe wa jama'a har ɗakin da ta cika.

An fara barin masu ziyara shiga Buckingham a 1993, domin tara kuɗin gyaran fadar Windsor da gobara ta ci a 1992. A 2024 Sarki Charles na uku ya ba da izinin zagaya wasu ɗakunan Balmoral, inda mahaifiyarsa Sarauniya Elizabeth ta biyu ta rasu a 2022.

Fadar Kensington kuwa, Victoria da kanta ta amince aka buɗe manyan ɗakunanta ga jama'a a 1899, ranar da ta cika shekara 80. Mai ziyara a yau zai iya shiga ɗakin da aka ce a nan aka haife ta.