Nana Asma'u, malamar da ta rungumi matan da yaƙi ya ɗaiɗaita

An haifi Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Degel a 1793. Tana matashiya birnin Alƙalawa ya faɗi a 1808. Yaƙe-yaƙen jihadi sun raba mata da yawa da gidajensu, an kwashe wasu ganima, an sa wasu ɗaka.

Asma'u ba ta ƙyamace su ba. Ta kafa Ƴan Taru, inda jajoji ke koyon waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci, su karantar da matan ƙauyuka, ɗiya da baiwa. Ta ɗora wa kowace jaji malfa irin ta Innar Gobir, alamar da Gobirawa ke girmamawa.

Ta rasu a Sakkwato a 1864. Allah ya jiƙanta.